Daga Arewacin Ingila: Hanyoyin Ƙafa a Bakin Tafki da Kan Tudu, da Abin da Suke Ci a Aljihu

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Tambayar da ta fi yawan iso mana, musamman daga ɗaliban da ke shirin zuwa karatu Manchester, Leeds ko Sheffield da kuma iyayensu, ita ce ta hotunan nan da ake gani a waya: mutum tsaye a bakin tafki, tsauni a bayansa, ciyawa kore shar. Nawa ake biya a shiga? Wurin na wane ne? Me ake sawa a jiki? Hanyar dai kyauta ce, babu mai tsayawa a ƙofa da rasit. Kuɗin yana tafiya a wuri biyu: suturar da za ka sa, da abin hawan da zai kai ka. Abin da kuwa ya fi kayar da baƙo a hanyoyi masu sauƙi shi ne jiƙewa, da iska, da duhun da ke saurin rufawa.

Duk wanda ya tashi a karkara ya san burtali, hanyar nan da ake bari tsakanin gonaki domin mutane da dabbobi su wuce. A nan ma akwai irinsa, sai dai an zana shi a takarda. Kowace ƙaramar hukuma tana riƙe da taswirar doka da ke nuna duk hanyar da jama'a ke da haƙƙin bi, ko da ta ratsa tsakiyar gonar wani ko ta bi ta bayan gidansa. A Ingila da Wales tsawon waɗannan hanyoyi ya kai kusan mil dubu 140. Manomi ba shi da ikon toshe su. In ya yi huɗa ta kansu, dole ya mayar da su yadda za a iya bi. A gida, idan gona ta cinye burtali, sai a koma ga shaidar dattawa da mai gari, kuma kowa ya san irin rigimar da ke biyo baya. A nan sai a buɗe taswira. Wannan abu ɗaya ya fi duk kayan shagunansu burge mu.

Ba haka kawai aka same shi ba. A ranar 24 ga Afrilu 1932 ɗaruruwan ma'aikatan masana'antu daga Manchester suka hau tudun Kinder Scout da gangan, alhali masu filin sun hana hawa saboda farautar tsuntsaye. Aka ɗaure mutum biyar. A 1949 aka yi dokar wuraren shaƙatawa na ƙasa, a 1951 aka ayyana Peak District da Lake District a cikinsu, sannan a shekarar 2000 wata doka ta buɗe tuddai da filayen da ba a nomawa, inda mutum zai iya barin hanya ya bi inda ya ga dama da ƙafa.

Alamomin suna da sauƙin riƙewa. Kibiya rawaya: masu ƙafa kaɗai. Kibiya shuɗiya: ƙafa, doki da keke, don haka ka riƙa waiwaye. Ja: har mota tana iya biyowa. Akwai kuma hanyar alfarma, wadda mai fili ya yarda a bi amma yana iya rufewa. Gonakin an kewaye su da katangar dutse da aka jera ba siminti, kuma ba a haura ta, domin dutse ɗaya in ya zame sauran na biye. Ana tsallakawa ta matakalar katako ko ta dutse da aka tanada, ko ta wata 'yar ƙofa mai lilo wadda mutum ɗaya ke shiga a lokaci guda, tunkiya kuwa ba ta iya wucewa. Ƙa'idar ƙofar gona ita ce a bar ta yadda aka tarar: a rufe, ka rufe, a buɗe, manomi ne ya bar ta don dabbobi su kai ga ruwa.

Bakin tafki ne ya kamata sabon zuwa ya fara da shi, kuma Lake District, lardin tafkuna da ke Cumbria, nan ne gidansu. Wanda ya sauka daga jirgin ƙasa a Windermere, tsallaka titi kawai zai yi ya kama hanyar Orrest Head: minti 20 zuwa 30 a hankali, tsayin mita 238, daga sama ana hango tafkin Windermere mai tsawon fiye da kilomita 16. Tarn Hows, tsakanin Coniston da Hawkshead, zagaye ne na kimanin kilomita 3 a kan tsakuwa da aka daddaɓe, keken jariri yana bi, kuma ƙungiyar National Trust da ke kula da wurin tana ba da aron keken lantarki ga wanda ƙafa ta gaza idan an nema tun da wuri. Wanda zai fita da mahaifiyarsa da ta zo ziyara, nan ya dace.

Buttermere ya fi su kyau a ganinmu. Zagayensa kusan kilomita 7 ne, awa biyu zuwa uku, kusan duk shimfiɗe. Abu uku ne za a kula da su: akwai ɗan kogo da aka fafe cikin dutse, gajere ne amma da duhu da ɗigar ruwa, dogon mutum sai ya sunkuya, akwai inda za a bi gefen kwalta kusa da gonar Gatesgarth, a nan a riƙe hannun yara, sannan saiwoyin itatuwa da ke kwance a hanya suna da santsi idan sun jiƙe, a taka tsakaninsu, kada a taka kansu. Derwentwater, tafkin garin Keswick, zagayensa ya kai kilomita 16, wanda ya yi wa mai farawa yawa. Dabarar ita ce jirgin ruwan da ke zaga tafkin yana tsayawa a matsayai irin su Hawes End, Brandelhow da Lodore. Ka shiga daga Keswick ka sauka a Hawes End, ka yi tafiyar awa ɗaya cikin itatuwa a bakin ruwa, ka sake hawa a gaba. Ka duba lokacin jirgin ƙarshe kafin ka sauka, kuma ka sani idan ruwa ya cika ko iska ta yi ƙarfi akan soke wasu matsayan.

Akwai kuma tsohuwar hanyar jirgin ƙasa daga Keswick zuwa Threlkeld, kilomita 5 zuwa, 5 dawowa, an shimfiɗa mata kwalta. Ambaliyar Disambar 2015 ta kwashe gadojinta biyu, sai a Disambar 2020 aka sake buɗe ta. Hukumar lardin ta ware hanyoyi kusan 50 marasa matakalar tsallake, ta sa musu suna Miles without Stiles, kowacce da bayanin ko keken guragu zai iya bi. Mai iyali ya fara neman wannan jeri.

Gargaɗi ɗaya kan ruwan kansa. Wanda ya taɓa shiga Wikki a Yankari, inda ruwan ke tsaye a digiri 31, kada ya auna tafkunan nan da shi. Ko a tsakiyar bazararsu, da zarar an bar gefe ruwan yana da sanyin da ke ƙwace numfashi. Mutum na faɗawa sai ya ja iska da ƙarfi ba da sonsa ba, ya shaƙi ruwa, gaɓoɓi su ƙi motsi, ko da gwanin iyo ne. Wanda ya faɗa ya kwanta rigingine, ya ware hannuwa da ƙafafu har numfashi ya daidaita, sannan ya nemi gaɓa. A mafi yawan madatsun ruwa an hana iyo. Idan kuma ka ga ruwan ya yi kore kamar an zuba fenti, kada yaro ya taɓa shi, wani gansakuka ne mai dafi.

Kurmi ba shi da dogon bayani. Grizedale da Whinlatter da ke Lake District dazuzzukan gwamnati ne, an kafa turaku masu launi, ka zaɓi launi ɗaya ka bi har ya dawo da kai inda ka ajiye mota. Ranar iska da yayyafi nan ne mafaka, amma ranar guguwa ana rufe su saboda faɗuwar itatuwa. Na kusa da Sheffield su sauka a tashar jirgi ta Grindleford su bi rafi cikin Padley Gorge, tsofaffin itatuwa da duwatsu duk gansakuka ya lulluɓe, su ɓullo a Longshaw, su hau bas mai lamba 272 a Fox House su koma gari.

Wuri na uku, bayan bakin tafki da kurmi, shi ne wanda ba mu da irinsa a gida, har sunansa ma sai an kwatanta. Fadama ce a kan tudu. Fili ne fetal, ba bishiya, ba gida, sai wani gajeren tsiro da ake kira heda wanda ke fitar da fure shunayya daga Agusta zuwa farkon Satumba, har tudun gaba ɗaya ya rine. A ƙarƙashinsa baƙar laka ce ta ruɓaɓɓen tsiro, tana riƙe ruwa kamar soso, kuma kaurin da take ƙarawa a shekara bai wuce milimita ɗaya ba. Masu sauƙi a cikinsu: Ilkley Moor, rabin awa a jirgi daga Leeds ko Bradford, a hau zuwa duwatsun Cow and Calf, da Dovestone kusa da Oldham, inda ake zaga madatsar ruwa kilomita 4 tudun na kewaye da kai ba tare da ka hau shi ba. A wurare da yawa an jera faffaɗan duwatsu a kan lakar, wasunsu daɓen tsofaffin masaƙu ne da aka kawo da jirgi mai saukar ungulu. Ka tsaya a kansu. Inda ka ga ciyawa ta fi ko'ina kore da laushi, nan ne ya fi zurfi, ƙafa na iya nutsewa har gwiwa ta fito ba takalmi.

Hazon nan daban yake da na hunturu. Namu ƙura ce, kana ganin hanya. Nasu gajimare ne ke sauka a kan tudun cikin 'yan mintoci, ka kasa ganin abin da ke taku ashirin a gabanka, ga shi babu bishiya ko gini da za ka riƙe a matsayin alama. Mutum yana zaton miƙewa yake alhali kewaye yake yi. Idan ya sauko, a tsaya, a haɗa kan jama'a wuri ɗaya, a koma ta inda aka fito. Kuma ba a kunna wuta a irin wannan fili ko ta gashin nama ce. Lakar nan in ta bushe tana ci ta ƙarƙashin ƙasa. Gobarar Saddleworth Moor ta Yunin 2018 ta yi makonni ana fama da ita, har sai da aka kira sojoji.

Yanzu ga kaya, inda kuɗin yake. Kafin a ga laifin tsadarsu a duba ruwan sama: ƙauyen Seathwaite da ke kudu da Keswick yana samun kusan milimita 3,500 a shekara, Kano kuwa yawanci ba ta kaiwa 1,000, kuma nata a 'yan watanni yake sauka ya wuce. A nan babu rani. Ana iya wayar gari da rana, azahar ta yi da ruwa, kowane wata.

Takalmi ne farko. Kambas da takalmin ƙwallo da ake zuwa da su daga gida suna yi a Tarn Hows ko hanyar Threlkeld ranar da ba ruwa, amma ƙasansu sumul ne, a kan jiƙaƙƙen dutse kamar sabulu. Abin da ake nema shi ne ƙasa mai zurfin tsaga, da rufin ciki mai hana ruwa shiga. A shaguna irin su Decathlon, Go Outdoors da Mountain Warehouse ana samun na farawa tsakanin fam 40 zuwa 70; na fata masu daɗewa suna haura fam 120. Wanda zai fita sau biyar ko shida a shekara, na farkon ya ishe shi. Lambarsu daban: mai sa 42 a gida 8 zai nema, mai 43 kuma 9, sannan a ƙara rabin lamba saboda safa mai kauri. A gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Kafin a ɗaure igiya a tura ƙafa gaba, yatsa ɗaya ya shiga bayan diddige. Shagunan kirki suna da ɗan gangare na katako: ka gangaro a kai, in yatsunka sun bugi gaba, farcenka zai yi baƙi a hanya. Wannan hidimar gwaji kyauta ce, kuma ita ce ta sa sayen takalmi ta intanet ko a aiko da shi daga gida ba dabara ba ce. A sa shi a cikin gari na mako ɗaya ko biyu kafin a fita da shi. In ya jiƙe, a cire shimfiɗar ciki a cusa jarida, a bar shi ya bushe da kansa. Ɗora shi a kan hita yana fasa fata ya saki gam.

Gwanjo ma akwai shi, kuma mai kyau. Shagunan ƙungiyoyin agaji a Keswick da Ambleside cike suke da kayan tafiya da masu hali suka bayar. Bambancinsu da Ƙofar Wambai shi ne farashi a rubuce yake, ba a taya. Rigar sanyi da jaka da wando a saye su a nan ba fargaba. Takalmi kuwa a lanƙwasa shi a duba: wanda ya daɗe a ajiye, robar tsakiyarsa tana ruɓewa ta ciki ko da samansa sabo ne, sai ƙasan ya ɓalle ana tsakiyar tafiya.

Rigar ruwa ita ce ta biyu, kuma a nan ake yawan yin asara. In an rubuta water resistant, yayyafi kawai take tarewa. Wadda aka rubuta waterproof ake nema. A juya cikinta a duba ɗinki: dole a ga an manna siririn tef a kan kowane layi, in babu, ta ramukan allura ruwa zai shiga. Akan rubuta lambar da ke nuna ƙarfin tare ruwa a jikin takardar rigar. 10,000 zuwa sama ta isa wannan aiki. Hularta ta zama mai igiyar tsukewa, in ba haka ba iska za ta riƙa tuɓe ta. Rigar leda irin ta 'yan acaɓa tana tare ruwa sarai, amma ba ta fitar da gumi, bayan rabin awa na hawa ka jiƙe daga ciki. Lema kuwa iska ke karya ta. Idan rigar ta fara shan ruwa bayan watanni, ba lalacewa ta yi ba, datti ne ya kashe maganin samanta: a wanke da sabulun da aka yi domin ta, irin Nikwax, kada a sa mata sinadarin laushin tufafi.

Abin da ya fi wuya mutumin gida ya yarda da shi shi ne cewa auduga, wadda ita ce sarauniyar tufafi a zafinmu, a nan abokiyar gaba ce. Tana shan gumi ta riƙe, iska ta buga, ta zuƙe ɗumin jiki. Shadda, atamfa, singileti, wandon jins, safar auduga, duk a bar su a gida ranar fita. Hawa uku ake sawa: ta jikin fata ta roba ko ulu mai saurin bushewa, ta tsakiya mai ɗumi, sai rigar ruwa a sama. A fara tafiya ana ɗan jin sanyi, domin minti goma za su ɗumama ka. In an tsaya hutu a ƙara riga nan take, kada a jira sai an fara kyarma. Duk mita 150 da aka hau, zafi na raguwa da kusan digiri ɗaya, ban da abin da iska ke ƙarawa. Doguwar riga har ƙasa, ta maza ko ta mata, tana jan laka kuma tana sarƙewa a matakalar tsallake. 'Yan uwa mata da suka saba fita suna sa riga mai kai gwiwa a kan wando mai faɗi, da hijabi mara auduga da ake cusa bakinsa cikin rigar ruwa, sutura ta cika kuma iska ba ta samun abin kamawa. Safa ta ulu, da guda ta canji a cikin leda. Da zarar ka ji wani wuri a ƙafa ya fara zafi, tsaya ka manna filasta kafin ya zama bororo.

Taswira kaya ce da ba mu saba saye ba, amma a nan ta cancanci kuɗinta. Hukumar Ordnance Survey tana buga mai bangon ruwan lemo, inda santimita 4 ke daidai da kilomita ɗaya, har katangar gona tana ciki, kuma kuɗinta bai kai fam 15 ba sai in mai rufin leda ce. OL4 ta ɗauki Keswick da Buttermere, OL7 Windermere da Ambleside, OL1 tuddan arewacin Peak District. Hanyoyin jama'a koren ɗigo ne, filin da aka buɗe wa kowa an shafa masa rawaya-rawaya, layukan tsayi in sun matsu da juna wurin yana da tsayi a miƙe. Taswirar waya ta mota ba ta nuna wannan, ga shi a kwaruruka irin Buttermere sabis yana ɗaukewa, sanyi kuma yana shanye batir. Mai amfani da manhajar hukumar ya sauke taswirar tun yana gida, ya riƙe abin caji. Lissafin lokaci kuwa akwai tsohuwar ƙa'ida: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara minti 10 ga kowane mita 100 na hawa. Da yara ko dattawa a lissafa kilomita 3 a awa.

Zuwa wurin ya fi arha a bas. Tun Janairun 2025 mafi yawan basukan Ingila ba sa wuce fam 3 a hawa ɗaya, ko da tafiyar doguwa ce. Lamba 555 tana tashi daga Lancaster ta bi Kendal, Windermere, Ambleside, Grasmere har Keswick. A hau bene a zauna gaba. Keswick ba ta da tashar jirgi, sai a sauka Penrith a hau X4 ko X5. Basukan 77 da 77A masu zuwa Buttermere daga bazara zuwa kaka kawai suke aiki. Ba kamar tashar gida ba ce da mota ke jira ta cika. Lokacinta na yi za ta tashi ko da mutum ɗaya, kuma in ta ƙarshe ta wuce ka a ƙauye, babu ɗan acaɓa, babu mai adaidaita, tasi kuwa sai an kira ta daga gari da kuɗi mai yawa. Jirgin ƙasa yana da tsada in an saya ranar tafiya; a saya tun da makonni, ɗalibi kuma ya yi katin rangwame mai rage kashi ɗaya cikin uku. Mai mota ya sani wurin ajiyewa na kuɗi ne, yini guda na iya kaiwa fam 8 zuwa 10, da kati ko waya ake biya, kuma ranar hutu kafin ƙarfe 10 sun cika. Ajiyewa a gefen siririyar hanya ko bakin ƙofar gona yana jawo tara. Mambobin National Trust ba sa biya a wuraren ƙungiyar. Banɗaki yana garuruwa da manyan wuraren ajiye mota, wasu da ɗan kuɗi ta kati, a kan hanya kuwa babu, kuma babu buta a ciki, sai ka tafi da gorarka.

Ruwan famfo ana shansa, a cika gora lita ɗaya ga tafiyar rabin yini. Na rafi a bar shi duk kyansa, tumaki na sama. Abincin shagunan ƙauye da yawa akwai naman alade a ciki, alewa masu danƙo ma a karanta jikinsu. Kifi da dankali, miyar ganye da burodi da cuku su ne mafita. Fulas na shayi, dabino, gyaɗa da ƙuli-ƙuli sun fi duk wani abin da ake sayarwa da sunan abincin tafiya, kuma sun fi arha. Kilishi da dambun nama dai kada a saka wa matafiyi a jaka, doka ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, za a ƙwace a filin jirgi. Babu kwandon shara a hanya, ɓawon ayaba ma da shi ake komawa.

Salla tana son shiri. A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, azahar da la'asar da magariba duk suna iya riskarka a waje, don haka tafiyar hunturu a fara ta ƙarfe 9 a gama kafin 3, da tocila a jaka ko da ba a yi niyyar kai dare ba. A Yuni kuwa sai kusan ƙarfe 10 na dare take faɗuwa. Alƙibla daga arewacin Ingila kudu maso gabas ce, kusan digiri 118 a kamfas, kamfas ɗin taswira ya wadatar. A fito da alwala daga gida, a riƙe darduma mai bayan leda domin ƙasa kullum a jiƙe take. Wanda ba ya son fita shi kaɗai, akwai ƙungiyar Muslim Hikers da ke shirya tafiye-tafiye da jagora.

Dabbobi ba abin tsoro ba ne sosai. Maciji mai dafi iri ɗaya ne a duk Birtaniya, ɗan ƙarami, yana shan hantsi a cikin heda, kuma gudu yake in ya ji motsi. Shanu ne abin lura, domin nasu ba makiyayi a tare da su, kuma saniya mai ɗan maraƙi tana iya biyo mutum, musamman in ta ga kare. A zaga su daga nesa, a hankali, kada a ratsa tsakanin uwa da ɗa. Kaska ita ce ta fi su duka. Tasu ƙanana ce, wata ba ta kai ƙwayar riɗi ba, tana maƙale a dogayen ciyayi daga bazara zuwa kaka, kuma wasu suna ɗauke da cutar Lyme. A cusa ƙafar wando cikin safa, in an dawo a duba bayan gwiwa, ƙugu, hammata da kan yara. A cire ta da hantsaki, a kama daf da fata a ja sama a hankali. Ƙona ta ko shafa mata mai yana sa ta amayar da abin cikinta a jikinka. Jan zobe da ke faɗaɗa a wurin cizon bayan kwanaki ko makonni shi ne alama, amma a baƙar fata ba ya fitowa ja sosai, yakan yi kama da ɗan duhu ko tabon bugu. Don haka zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi bayan fita daji, kada a ce maleriya ce ta tashi. A gaya wa likita an je inda kaska take.

Kafin fita a duba hasashen yanayi na tuddai na Met Office, hukumar yanayi ta ƙasar, na gari ba ya faɗin abin da ke sama. A gaya wa wani hanyar da za a bi da lokacin dawowa. In wani ya fara kyarma, magana na sarƙewa, yana tuntuɓe, sanyi ne ya shige shi: a kai shi inda iska ba ta bugu, a cire jiƙaƙƙun kaya, a raba shi da ƙasa da jaka ko darduma, a ba shi shayi mai sukari in yana iya haɗiya. In abin ya fi ƙarfinku, ko an karye, ko an ɓata, a kira 999 a nemi 'yan sanda, sannan a ce ana son masu ceto na tsauni. Waɗannan 'yan sa-kai ne, malamai da manoma da ma'aikatan jinya da ke barin aikinsu su fito dare ko rana, ba sa karɓar ko kwabo, ba sa tambayar takardar zama, da gudummawar jama'a suke sayen kayan aiki. Shi ya sa za ka ga akwatunansu a kan kantar shagunan lardin. Za su tambayi inda kuke, don haka a koyi karanta lambar gurbi mai alƙaluma shida daga taswira. Tun kana gida ka aika kalmar register zuwa 999 ka bi umarnin da za a turo, domin saƙon tes yana fita a inda kira ya kasa. In waya ta mutu gaba ɗaya, usur ne: busa shida, a dakata minti ɗaya, a sake, kuma kada a daina don an ji amsa, da sautin suke nemo inda kuke.